Tulun Asabe Ya Je Durumi

Karu, ranar Talata

Na fita daga gida ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, bayan na duba ƙullin kayana sau uku. Kayan kuwa tulu ne guda ɗaya, ginin mai ɗakina Asabe. A bayan ɗaki take abinta: ta murza totuwar masara a jikin ɗanyen yumɓu ya yi zane, in ya fito daga wuta ta yayyafa masa ruwan makuba ya yi baƙi. Yawancinsu kan tsage wajen gashi. Wannan ne kaɗai ya fito ba tabo.

Mun ji labarin wani dattijo a Durumi, Baba Danjuma, wanda ya yi wa Turawa aikin lambu a Kaduna. Wai ya kafa lambun kallo, yana karɓar tukwane masu kyau, kowace da allo a gabanta. Asabe ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan, a rubuta sunanta a allo. Da zan fita ta ce, "Malam, in ya tsage a hanya kada ka ce mini ƙaddara ce." Na naɗe shi da rigata ta Salla.

Motar doya da aka ce za ta tashi ƙarfe shida ta tashi tara da rabi. Direba ya ce a ɗaure tulun a sama, na ƙi, na rungume shi a cinya. Kowane rami sai na ji shi a haƙorana. Da muka tsaya zuba wa mota ruwa ya leƙo ya ce, "Malam, jaririn nan bai yi kuka ba tun Karu. Lafiya kuwa?" Matan da ke cikin motar suka yi ta dariya har Nyanya.

A shingen Nyanya wani ɗan doka ya sa na kwance ƙullin. Ya ƙwanƙwasa tulun da kulki, ya kara kunne, ya ce yana da murya mai daɗi. Ni tawa muryar ta ɗauke.

Garki

Mil takwas ya ci mana awa biyu da kwata. A kasuwa na sha fura da nono a tsaye, hannu ɗaya a wuyan tulu. Bafulatanar da ta dama mini ta ce rafin hanyar Durumi ya cika, sai gobe. Na sauka gidan wani tela, Malam Haruna, ya ba ni zaure da tuwon dawa da awaki uku. Awakin ba ba ni su ya yi ba, nan suke kwana. Na roƙa aka kai tulun ɗakin matarsa, sannan na dame su da aike ina tambaya ko suna da kyanwa.

Durumi, ranar Laraba

Na kama hanya ƙarfe bakwai, mil uku a ƙasa, tulu a ka. Kafin rafi wuyana ya ƙage. Wata mata Bagwariya ta ji tausayina ta karɓa, amma maimakon ka sai ta ɗora shi a kafaɗa, yadda suke ɗaukar kaya, ta shiga ruwa tana taunar rake. Na bi ta da hannu biyu a buɗe ina karanta duk abin da na haddace. Ko girgiza bai yi ba.

Lambun bai fi gonar gyaɗa ɗaya ba. Tumfafiyar da muke sarewa a bayan gida an ba ta allo, da suna na Turanci mai tsawon kamu biyu. Tafasa ma ta samu allo. Tsakanin shuke-shuken akwai siffofin siminti: giwa mai girman tunkiya, kada mai haƙoran fasasshen faranti, da Bature da hular kwano ba hanci. Na shiga shakka ko kallon irin waɗannan na karya alwala, sai na sunkuyar da kai. A haka na yi wa ɗaya sallama har sau biyu.

Baba Danjuma ya juya tulun a rana, ya shafa zanen, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Matarka yana da hannu." Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Ya kifa tulun a ƙasa, ya zaro ƙusa da guduma daga aljihu. Kafin in haɗa kalma biyu ya huda gindin.

Na ce, "Baba, kwana biyu ina tsaronsa."

Ya ce, "To in ba rami, ruwa ya fita ta ina? Fulawa za ya ruɓe."

Ya cika shi da ƙasa, ya dasa wani ɗan ganye, ya kafa allo. Na matsa na haɗa baƙaƙen. Sunan ganyen ne. Na tambayi inda sunan mai gini zai shiga, ya ce a Kaduna ba a yin haka. Na tsaya a kansa har ya ba ni alli na rubuta Asabe a bayan allon, gefen da ke kallon shinge. Da yake raka ni ya ce in akwai tsagaggu in kawo, sun fi sauƙi, ba sai ya wahala da ƙusa ba.

Komowa

Na iso Karu ranar Alhamis ƙarfe huɗu da minti goma. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa, ƙarya kuma ba na iyawa, don haka na faɗa duka, har bayan allon. Asabe ta saurara har ƙarshe. Ta tashi ta kai ni bayan ɗaki, inda tsagaggun tuluna na shekara uku suke jibge.

Ta ce, "Ka kai masa goma sha biyu. Amma kada ka miƙa masa ko ɗaya sai suna ya dawo gaban allo."

Godiya ga Allah da ya maido ni gida lafiya, da Malam Haruna, da matar da ban tambayi sunanta ba. Na riga na fara naɗe tulunan da tsumma. Tsagaggu ne, na sani, amma tsaga tana iya ƙaruwa.