Wanda Ake Zaunarwa Saboda Ni

Ƙamshin gyaɗar da ake soyawa cikin yashi ne ya tsayar da ni jiya a bakin wani titi a unguwar Waziriyya, nan Jidda. Ban saya ba. Na dai tsaya kamar wanda ya ɓata hanya, har mai gyaɗar ta fara yi mini kallon rashin yarda.

A unguwar Ruwais aka haife ni, a gidan kakata, wadda sana'arta ke nan. Gidan cike yake da yara, kuma tana da wata doka da ban taɓa gani a gidan kowa ba: kowane yaro da mariƙinsa. Da an yaye ka za ta nuna wani babba ta ce, "Wannan yana wuyanka." Halas, magana ta ƙare. Ni kawuna aka ba, ƙanen mahaifiyata, saurayi mai son ƙwallo da barcin rana, wanda ko takalminsa bai iya riƙewa ba.

In ka yi laifi, kaka ba ta ko kallonka. Mariƙinka za ta kira, ta zaunar da shi gaban kaskon gyaɗa, ta miƙa masa ludayi. Ka san zafin Jidda a tsakiyar bazara, lokacin da iskar teku ke manne wa mutum riga a jiki. A nan zai yi ta juya yashi a kan gawayi, yana amsa tambaya a kanka: ina ka je, da wa, me ya sa bai sani ba. Kwanaki 'yar maigidana tana bitar darasi a motar da nake tuƙa musu ta ce Turawa na da wata magana, wai a riƙe ƙafar mutum a bakin wuta, ma'ana a matsa masa har ya sauke abin da ke wuyansa. Na yi dariya ni kaɗai, don kaka ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba.

Wata rana na bi yaran unguwa wanka a teku, na dawo wando a jiƙe. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga hannu.

"Ba kai nake tambaya ba, ya walad. Ina mariƙinka?"

Kawu ya zauna har la'asar, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Da ya tashi na zaci zan sha duka. Sai ya ja kunnena kaɗan ya ce, "Gobe in za ka, ka tashe ni. Yalla, mu ci abinci." Daga ranar ya zame mini ƙarfen ƙafa, ni kuwa haushi kamar in mutu.

Kaka ta rasu, unguwar ta watse, kawu ya koma wajen dangin matarsa a Sudan. Yanzu tuƙi nake yi a unguwar Abhur, ina kwana a ɗakin direba a bayan gida. Ina da kafili, wato maigidan da ya tsaya mini a wajen hukuma, kuma mutumin kirki ne, amma iƙamata, takardar izinin zamana, ita ce a wuyansa, ba ni ba.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni ranar hutuna. Na wuni ina kallon ƙofa, kewa ta fi ciwon damuna. Da na fito washegari, mai gadi ya ce ai ya ɗauka na tafi yawo ne. Ba a tambayi kowa ina nake ba, domin babu wanda za a tambaya.