Neman Kwalbar da Aka Buɗe

Daga Kazaure zuwa Gwiwa

Ana idar da sallar asuba na fita a motar Malam Sabo, direban haya da na yi shata. Bilkisu, 'yar ƙanina, ta haihu a Gwiwa, ga damina ta kankama. Ɗanta na fari zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi bara, ita kuwa tun daga nan ko sauro ta ji yana kuka sai hankalinta ya tashi.

Ni malamar kimiyya ce, kuma bakina ba ya shiru. Na gaya mata allurar tarin fuka, wadda ake yi wa jarirai a dantse, masana na ganin tana horar da garkuwar da aka haifi yaro da ita, ta zauna a shirye ko wata cuta ce daban ta zo. Har ana duba ko kariyar ta kai ga zazzaɓin sauro. Na ce ba tabbas, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro. Bilkisu dai ta riƙe maganar gam.

Surukarta ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in. Da ƙyar ta sakko.

"Yau kaɗai, Malama. Magariba ta yi mata a ɗakinta."

A asibitin garin aka ce jiya suka buɗe kwalbar allurar. Kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, in an buɗe awa shida take yi, don haka ba a buɗe ta saboda yaro ɗaya.

Roni

Nan ma haka. Mata biyu muka tarar a benci, ɗaya Bafulatana da ta tako daga ruga, duk an ce su dawo mako mai zuwa. Bilkisu ta ce su biyo mu. Raina ya ɓaci, don motar ba ta da fili, amma na haɗiye.

Kazaure

Da azahar muka shigo, an gama, an zubar da ragowar. Bilkisu ta zauna a dakali, ni kuwa kunya ta kama ni, don ni na sa mata rai. Na kira wata ƙawata, ma'aikaciyar jinya a Babura. Ta ce sun buɗe da hantsi, mu yi sauri kafin la'asar. Wasu mata uku da suka makara irinmu suka ji, suka cusa kansu a mota. Malam Sabo ya yi ta mita cewa shi ba motar asibiti yake ja ba.

Babura

Ruwa ya kece a hanya. A shingen bincike jami'i ya leƙo, ya ga jarirai shida na tsala kuka, ya ɗaga mana hannu da sauri. Duk da haka muna shiga gari ana sallame la'asar.

Ƙawata ta tare mu a ƙofa, ta ce lokaci ya wuce, ta zubar. Bilkisu ta ce, "Gwaggo, shi ke nan?" Sai matan suka riƙa fitowa daga mota ɗaya bayan ɗaya, kowacce da goyo. Ƙawata ta ƙirga su da ido, ta waiwayi wasu mata da ke fake wa ruwa a baranda da nasu jariran.

"Ku shigo. Kun isa a buɗe sabuwa."

Da allura ta shiga, yaron ya callara ƙara, uwarsa ta fashe da kuka fiye da nasa.

Gida

Mun sauke kowa a inda muka ɗauke ta, muka isa Gwiwa bayan magariba. Surukar na tsaye a zaure, na shirya shan faɗa. Ta karɓi yaron, ta yaye zane ta duba dantsensa, sannan ta ce wa Bilkisu ruwan wanka na kan wuta, sau biyu tana ƙara itace.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa matan nan biyar da na so a bari a hanya.