Ba Ta Shan Taba

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin jinya, na manta fuskoki ba iyaka, amma Larabar da Inna Mariyama ta fara zuwa wurina tana nan daram a raina. Ku yaran yanzu da kuke cika takarda kai a sunkuye, ba ku ko kallon mai ciwo, ku saurara, don ni ma a lokacin haka nake.

A shekarun fari ne aka tura ni majo a wani ƙauye na ƙasar Dakusa. Majo shi ne shugaban ƙaramin asibiti, amma ni shugaban kaina ne kawai: ni ne mai allura, ni ne mai shara. Iyalina suna Birni. Mazan garin duk sun tafi ci-rani, saura tsofaffi da gidaje a rufe. Wallahi nakan wuni ban ji muryar kowa ba sai ta rediyona.

Inna Mariyama ta zo da ciwon kai da jiri. Tana cikin takaba, mijinta bai cika wata da rasuwa ba, 'ya'yanta biyu kuma suna Najeriya, ko labarin bai kai musu ba. Na auna ta, tansiyo goma sha takwas, wato jininta ya hau har ana tsoron shanyewar jiki. Idonta jawur, tana ta tari. Takardarmu tambaya ɗaya ce da ita a kan hayaƙi, na karanta mata yadda take.

"Inna, kina shan taba?"

Ta riƙe baki. "A'uzubillahi! Ɗan nan, ni? Da takabata?"

Na ba ta haƙuri, na rubuta a karnenta, ɗan littafin da mai ciwo ke tafiya da shi gida: ba ta shan taba. Na ba ta ƙwayoyi, na hana ta gishiri da kanwa.

Sati uku tana shan magani, tansiyo ko motsi. Sai babban likita ya zo rangadi daga Damagaram, na nuna masa karnen. Bai ma buɗe ba, ya kai shi hanci, sannan ya miƙo mini.

"Majo, sansana. A ina matar nan take dahuwa?"

Ƙauri yake kamar an kyafe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tambaya ba."

Ya ce jini bai san bambancin hayaƙin taba da na murhu ba. Burbushin da ido ba ya gani shi ne mugun, ya wuce maƙogwaro ya shige can ƙarshen huhu, daga nan ya dami jini. Cikin jijiyoyi ya yi ta kumburi kamar gyambon da ake sosawa kullum, su ƙuntace, su yi tauri, wata rana jini ya daskare ya toshe hanya. Kunya ta kama ni.

Da la'asar na je gidanta. Itace ya yi wuya a shekarun nan, busasshen kashin shanu ake ƙonawa da tushiyar kara. Ɗakinta ba taga, asabari a sauke, murhu a ciki, kunkunniya tana reto daga rufi. Ban yi minti biyu ba hawaye ya zubo mini.

"Inna, murhun nan waje zai koma."

"Mai takaba ba ta zaman waje, ɗan nan."

Na ɗauko liman, ya ce mata tsakar gidanta ne, takaba ba ta hana ba. Da hannuna na kafa mata rumfar zana, na jera duwatsun murhu. Bayan sati biyu tansiyo ta sauko goma sha shida. Sai na fara jin kaina, na ce aiki ya yi, na daina leƙa ta.

Rannan da hantsi matar da ke kai mata ruwa ta zo da gudu. Na tarar da ita kwance, baki a karkace, ɓarin hagu ba ya motsi, ga wuta ta koma ɗaki tana ta turnuƙa. Raina ya ɓaci.

"Haba Inna! Me ya kai ki? Ba ga rumfa can ba?"

Da ƙyar maganar ta fito. "Ba dahuwa nake ba, ɗan nan. Duba tukunyar."

Na buɗe, ba komai a ciki.

"Tun da Malam maigidana ya tafi, in na hura wutar, sai in ji akwai mai motsi a ɗakin."

Ta rasu saura kwana tara ta fita takaba. Ban ce hayaƙi kaɗai ba ne, akwai shekaru, akwai yunwa. Amma daga asibitina zuwa ƙofarta bai kai taku ɗari biyu ba, kuma kullum la'asar ina zaune ni kaɗai gaban rediyo, ina jin tausayin kaina.

Tun daga ranar, duk mai hawan jinin da ya zo mini sai na yi masa tambaya uku: me kake ƙonawa, a ina, kuma wa ke zama da kai? Ta ukun ba ta cikin kowace takarda, ku riƙe ta a ka. Ni dai na fitar mata da wutar, ban shiga na zauna ba.