Layin da Aka Ja a Kan Rafi

Orest Hnatiuk bai taɓa tashi daga gidan da ya saya a Gangaren Tuffa ba, amma sau huɗu ana sauya masa mazaɓa yana zaune a falonsa. Duk bayan shekara goma, in an gama ƙidayar jama'a, sai a sake shata iyakokin kujerun majalisar tarayya, layi ya taso daga gabas ko ya gangaro daga arewa, ya ratsa rufin gidansa kamar inuwar gajimare.

Lokacin da ya fara kai wasiƙa yana saurayi, bayan garin nan lambunan tuffa ne da shanu. Kujerar a hannun manoma take, kuma shuɗin allon jam'iyyarsu suke kafawa a bakin gona tun kakanni. Da aka buɗe masana'antar gilashi, ma'aikata suka cika layuka, alluna suka koma ruwan lemo. Masana'anta ta rufe, baƙi suka iso daga ƙasashe masu nisa da tukwanensu da harsunansu, jan allo ya yi zamaninsa, shuɗi ya dawo, ja ya sake ƙwacewa da ƙyar. Duk wannan Orest ya gani daga bakin ƙofofi, jaka a kafaɗa, shekara talatin da shida. Bai taɓa kafa allon kowa ba.

Yana da shekara saba'in da huɗu sabuwar taswira ta fito. Maƙwabciyarsa Fernanda Avila, wadda ta yi ritaya daga ɗinki, ita ta shigo masa da ita, tana kaɗa jaridar.

"Tashi, tsoho, an kwashe mu kamar kayan gwanjo!"

"Ke dai kullum da gobara kike sallama. Miƙo in gani."

Ya sa tabarau. Hukumar shata iyaka ta bi rafi da alƙalaminta, ta yanke layuka shida na Gangaren Tuffa, ta manna su da mazaɓar arewa, can hayin babbar hanya mai hannu goma sha biyu. A takarda abin ya yi kyau, ruwa ai iyaka ne. Amma a kan rafin akwai gadar katako, kuma ta kanta unguwar ke numfashi: a hayinta akwai makaranta, coci, masallaci, ɗakin karatu, da ofishin ɗan majalisa, inda tsofaffi ke takawa da takardun fansho ko na ɗauko 'yan uwa daga ƙasashensu na asali. Babbar hanya kuwa ko kare ba ya tsallaka ta.

"Wanda ya ja wannan bai taɓa jiƙa takalminsa a nan ba," in ji Orest.

"To kai za ka gyara? Da wannan gwiwar mai kukan tsohuwar ƙofa?"

Washegari ya ɗaura agogo ya fita. Daga tsakiyar unguwa zuwa tsohon ofishi ta kan gada, minti goma sha ɗaya. Zuwa sabon, bas biyu da jira cikin iskar kaka, awa ɗaya da kwata. Ya rubuta. Sai dai ya san kuka ba ya motsa layi, hukuma daidaita yawan jama'a take yi; in ka ce a maido maka, sai ka nuna abin da za a ɗauka. Mako uku yana bin iyakar da ƙafa, jajayen ganye na zuba a kan hularsa, har ya gano benaye biyu dogaye a arewacin hanya, kusa da tashar jirgi, waɗanda taswirar ta jefo mazaɓar kudu, wadda aka cire layukan shida daga cikinta. Su ma an raba su da nasu.

Ranar sauraron jama'a, a zauren ɗakin karatu, kowa minti biyar aka ba shi. Wata alƙaliya mai furfura ce ke shugabanta. Orest ya shimfiɗa tsohuwar taswirarsa ta aiki, wadda duk ta sha ninki da zufa, ya ce a mayar da benayen arewa, a bar wa kudu layukanta, iyaka ta hau babbar hanya.

"Malam Hnatiuk, mutane muke ƙirgawa, ba ƙofofi ba."

"Ranki ya daɗe, na san wanda ke bayan kowace ƙofa, har karensa."

Zaure ya yi dariya. Ta duba takardunta, ta yi magana da na gefenta, ta ɗago.

"Musayarka ba ta cika ba. Kudu za ta yi nauyi da wajen mutum ɗari uku."

Ya san da haka tun kafin ya shigo. Ya ɗora yatsa a gefen taswira.

"Layin Dunlin, gida casa'in da biyu. Shi kaɗai ke bakin tashar bas ɗin da ke bi ta ƙarƙashin hanya, hawa ɗaya an isa. Ku ɗauke shi, ku bar biyar ɗin."

"Kai a wane layi kake?"

"A shi."

Daga kujerun baya muryar Fernanda ta tashi: "La'ananne! Ai ni ma a shi nake!"

Kwana tara ba ta gaishe shi ba. A na goma ta ajiye masa kwanon kifi da dankali a bakin ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ƙanƙara ta sauka, ta narke. Da sanyi ya fara sauƙi taswirar ƙarshe ta fito: layin ya bar rafi ya kwanta a kan babbar hanya, sai wani ɗan lanƙwasa a kusurwa, kamar inda ɓera ya gutsuri burodi. Layuka biyar sun tsira da gadarsu. Dunlin ya tafi arewa.

"Sau biyar ke nan ana sauya maka mazaɓa, tsoho," in ji Fernanda ta kan shinge. "Ka ji daɗi?"

Yana zaune a matakala yana ɗaure igiyar takalmi. A gefensa ga takarda, sunayen gida casa'in da biyu, da wanda ba ya iya hawa bas, da wanda ba ya jin Turanci.

"Ɗauko rigar sanyinki. Ɗan majalisar can bai san da mu ba tukuna, gara ya saba da fuskokinmu tun kafin zaɓe."

"Ni? In bi ka?"

"Bas na ƙarfe tara da minti goma."

Ta yi tsaki mai tsawo, ta shiga ɗauko rigar.