Daga Zuru zuwa Kaduna don Agogon Iska da Mai

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Zuru, mu uku a tsohuwar motata mai turbo, na'urar nan da ke cusa wa inji ƙarin iska. Ni ne a sitiyari, bakanikena da ya shekara ashirin yana mini gyara yana gefe, abokina tun zamanin soja kuma yana baya, ya rungume ɗan kwali kamar mai riƙe da jariri. A cikin kwalin akwai agogo da sansa da ɗana ya aiko daga Turai. Sansar ana ɗaura ta ne a salansa ta riƙa shaƙar hayaƙi, agogon kuma ya nuna wa direba ko man da inji ke samu ya yi daidai da iskar da yake zuƙa.

Ba sha'awa kaɗai ta fito da ni ba. Bara injin ya buga a hanyar Dabai, fistin ɗaya ya narke. Da ƙyar aka samo mini wani injin daga Kwatano, ga shi wannan ma ya fara ƙas-ƙas duk lokacin da na taka shi a hawa. Hajiya da yara suka yi shawara ba da ni ba, suka yanke cewa idan shi ma ya buga, za a sayar da motar, ni da tuƙi kuma shi ke nan. Mutumin da ya ja manyan motocin soja a ƙasashe huɗu ya koma jiran ɗan kabu-kabu a ƙofar gida? Shi ya sa ko barcin kirki ban yi ba don ɗoki.

Damina ta yi kyau bana. Duwatsunmu sun yi kore shar, dawa ta kai ƙirji. Hanyar Rijau ce dai ba ta san an yi shekara ba. Na ga hanyoyin Saliyo bayan yaƙi, amma ramukan can suna da uzuri. Awa uku muka yi kafin Kontagora, ina lallaɓa totur kamar mai taka ƙwai.

A Kontagora muka karya da waina da miyar taushe, naira hamsin mutum ya ƙoshi har ya bar saura. Gidan mai na sayar da lita sittin da biyar, layi ya kai kwana, 'yan bumburutu kuma suna gefe da galan-galan suna jiran wanda haƙurinsa ya ƙare. Bakaniken ya nuna su ya ce mansu ne ya kashe injin farko, kuma shi kunnensa ya ishe shi sanin lafiyar mota, ba ya bukatar agogon Bature. Abokina ya ce kunnen da bai ji kiran matarsa ba shekara goma, ta yaya zai ji fistin. Haka suka yi ta yi har Tegina, inda masara gasasshiya ta rufe musu baki. Dajin Birnin Gwari kuwa tireloli muka bi a baya kamar masu rakiyar gawa, don ban yarda in taka motar in wuce ko ɗaya ba. Da la'asar muka shiga Kaduna, muka sauka wajen 'yar abokina.

Washegari da safe sai Panteka. Na ga unguwar makanikai ta Kumasi, na ga garejin Beirut inda ake ba ka gahawa kafin a buɗe bonet, amma ban ga inda ake ƙera abu daga babu kamar nan ba. Ogan da aka haɗa mu da shi Bayarabe ne haifaffen Kaduna, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Na gaishe shi da Yarbanci, ya yi dariya ya ce Yarbancin bariki ne, na ce ai shi ma yana sayen abinci.

Aka hau da motar kan rami. Mai walda ya so ya huda salansa ta ƙasa, dab da turbo, don nan hannunsa ya fi kaiwa. Na buɗe takardar da ta zo da kayan, na karanta ɓangaren Ingilishi, na sake dubawa a na Faransanci don kada in yi kuskure. Ta ce a bar tazarar kamu biyu daga turbo saboda zafi, kuma a huda ta sama, don ruwan da ke taruwa a salansa da safe yana fasa sansa idan ta yi zafi. Ogan ya ba takarda gaskiya. Aka huda, aka yi waldar noti, mai wayarin ya ja wayoyi ya ba agogon fis nasa daban, ya kafa shi kusa da sitiyari.

Saura abu ɗaya da ya ba kowa dariya. Kafin a ɗaura sansar sai ta fara shaƙar iska mai tsabta don ta san ma'auni, kuma a Panteka babu irin wannan iskar, janareta ta ko'ina. Dole muka toshe hudar muka fita bayan gari. Dattawa huɗu muka tsaya a bakin gonar wani, ogan ya ɗaga sansa sama, manomin ya dogara da fartanya yana kallonmu.

Aka ɗaura, na tayar da mota. Jajayen lambobi suka yi rawa suka tsaya a sha huɗu da ɗigo bakwai. Ogan ya ce a tsaye hakan daidai ne, amma idan turbo ta buɗe dole lambar ta sauko wajen sha biyu, don inji na bukatar ƙarin mai ya sanyaya kansa. Na sami miƙaƙƙen titi na taka. Turbo ta yi fito, lambar ta ƙi saukowa, ta ma haura sha biyar.

“Ɗaga ƙafa, Baba! Yunwar mai ce ke cin injin nan,” in ji ogan.

Na gangara gefe. Bakanikena ya cire hula ya riƙe.

“Ranka ya daɗe, ni ne,” ya ce. “Lokacin da mai ya tashi, na ga fanshonka ba ya zuwa a kan kari, na buɗe akwatin auna iska na ɗaure sifirin haƙori huɗu don ta rage sha. Haka nake yi wa 'yan tasi, suna ta godiya. Da aka sauya inji, akwatin nan na mayar.”

Raina ya tashi, ba zan ɓoye ba. Abokina ya dafa kafaɗata ya gaya mini da yarenmu na C'lela, don ogan kada ya ji, cewa mutumin da ya fito da laifinsa da bakinsa ba a tozarta shi gaban baƙo. Na haɗiye. Bakaniken kuwa ya buɗe akwatin, ashe ya ƙarce alama da ƙusa a inda sifirin yake tun asali. Ya mayar, na sake takawa. Lambar ta gangaro ta zauna a sha ɗaya da ɗigo takwas, motar ta cilla mu cikin kujeru, babu ƙas-ƙas ko ɗaya. Ni da abokina muka ɓarke da waƙar fareti kamar sababbin kurata.

Washegari a komowa na wuce tirela bakwai a dajin Birnin Gwari, abokina ne ya ƙirga. Bakaniken bai ɗauke ido daga agogon ba, har ya fara tambayar ko za a samo masa irinsa na gareji. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, dabarar da ke taimakon motar haya tana iya kashe mai turbo, kuma kunne sai ɓarna ta fara yake ji. Na kuma roƙi bakaniken, duk ranar da tausayina ya sake kama shi, ya gaya mini kafin ya ɗauki sukuddireba.

Mun iso Zuru kafin magariba. Hajiya ta ji labari duka, ta ce ita ba ta yanke hukunci a kan labari. Ta yafa mayafi ta shiga gaba, muka hau tudun bayan gari, na nuna mata lambar da ake so da wadda ake tsoro. Da muka dawo ta ce makulli ya zauna a aljihuna. Amma tun ranar ta daina zama a baya, kuma da lamba ta taɓa sha uku a hawa sai in ji hannunta a gwiwata.