Malam Hadari, Mai Koya wa Gajimare Tafiya

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina zaune a ofis ina fama da wata itaciya da ta ƙi tsayuwa daidai a fuskar kwamfuta, sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce. Ta gaishe ni a nutse kamar yadda ka tarbiyyantar da su, sannan ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Ban san abin da na amsa mata ba. Na dai ajiye wayar, na juya na dubi teburinka da ke jikin taga, da kofin shayinka a kife, da rigar sanyin da kake ratayewa a bayan kujera saboda na'urar sanyaya ɗaki. Abokan aiki suka karanci labarin a fuskata tun kafin in buɗe baki.

Ga wanda bai san mu ba, ƙaramin kamfani ne muke yi wa aiki, mai haɗa manhajar zana ƙasa a kwamfuta. Masu zanen gine-gine da masu shirya fim da masu tsara lambuna su ke amfani da ita. Mutum ya kafa dutse a nan, ya shimfiɗa kogi a can, ya dasa itatuwa, kwamfuta ta fitar masa da hoto mai motsi kamar da kyamara aka ɗauka. Kowa a cikinmu da ɓangarensa. Ni ciyayi da itatuwa ne nawa, shi ya sa kake kirana Mai Ciyawa. Kai kuwa sama aka ba ka. Sunan Malam Hadari da tsokana ya fara, don duk zaman da muka yi da kai ban taɓa ganin fuskarka ta haɗe ba, balle a ji ka ɗaga murya. Sunan ya bi ka har gida, ka kuma amsa shi da fara'a.

Kafin zuwanka, samanmu abin kunya ne. Hoton gajimare muke samowa mu manna a baya, mu riƙa jansa daga hagu zuwa dama kamar labule. Ranar da ka fara aiki, Manaja ya kunna maka mafi kyawun abin da muka taɓa yi. Ka kalla har ƙarshe, hannunka a haɓa, ka ce, "Ƙasar nan ta yi kyau ƙwarai, ranka ya daɗe. Amma audugar da aka shanya a sama, ta wane ne? A gaya masa ya zo ya kwashe kayansa." Muka yi dariya, har shi Manajan, duk da an ga maganar ta ɗan taɓa shi.

A makon ne ka kwashe mu zuwa rufin benen ofis, inda tankunan ruwa suke. Ka ce kowa ya zaɓi gajimare ɗaya ya bi shi da ido, kada ya sake shi. Mun tsaya muna ƙorafin rana, amma mun yi yadda ka ce. A wurin na fara ganin abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Ashe gajimare ba tafiya kawai yake yi ba: yana ƙaruwa ta gefe guda, yana narkewa ta ɗaya gefen. Cikinsa duhu, bakinsa haske idan rana na bayansa. Inuwarsa kuma na rarrafawa a kan rufin gidaje, ta haye titi, ta hau bango. Ka ce, "To, abin da za mu koya wa kwamfuta ke nan. Ba a yini ɗaya ba."

Ba a yini ɗaya ba kuwa. Shekaru ka yi kana lissafin yadda haske ke shiga cikin tururi ya watsu, da yadda iskar sama ke tafiya daban da ta ƙasa. Gwajinka na farko ya fito kamar hayaƙin ƙona taya. Wani ya fito kamar kumfar sabulu. Ba ka taɓa ɓoye su ba. Mafi muninsu ma kake bugawa a takarda ka manna a bango, duk wanda aikinsa ya lalace ya zo yana ƙunci, ka nuna masa ka ce, "Naka ya kai wannan muni? To koma ka ci gaba." Ranar da gajimarenka na farko ya taso daga bayan dutse, ya kumbura, inuwarsa ta ratsa ciyawata ta wuce, duk ofishin ya taru a bayanka ana kallo. Kai kuwa tashi ka yi ka je ka yi alwala, don lokacin azahar ya yi.

Mai ɗakinka takan ce duk wannan ilimi bai taɓa amfanar shanyarta ba. Sau nawa ta tambaye ka ko za a yi ruwa, ka leƙa sama ka ce babu komai, ta bar wanki a igiya, ruwa ya sauko ya jiƙe shi sharkaf. Da kanka kake ba mu labarin, kana cewa, "Ni zana gizagizai na iya, ba su taɓa gaya mini sirrinsu ba."

Cikin ayyukan da muka yi tare, akwai wanda ba zan manta ba. Wani likita ya zo mana da tsofaffin hotuna da taswira. Ƙauyen da aka haifi mahaifiyarsa ya daɗe da nutsewa a ƙarƙashin ruwan madatsa, ita kuma ta tsufa, ba ta da zance sai na garinsu. Yana so mu sake gina mata wurin ta gani. Muka yi iya ƙoƙarinmu, ya kawo ta ofis a keken marasa lafiya, muka kunna mata. Ta gane dutsen garinsu, ta gane rafin, har ta nuna inda gonar mahaifinta take. Sai ta ce, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan. Amma samanmu ba haka yake ba."

Mu dai a ganinmu an gama aiki, likitan ma ya gamsu. Kai ne ka jawo kujera ka zauna a gabanta, ka ce, "Inna, yaya yake?" Ta ce da yamma gizagizai daga bayan dutsen suke fitowa, ƙasa-ƙasa, kamar za su shafi kansa, kuma inuwarsu kan sauka a gonar kafin ta iso gidaje, da haka suke gane lokacin tashi daga aiki ya yi. Ka riƙa zuwa gidansu ranakun hutu da kwamfutarka, kana gyarawa tana duba maka, ba tare da wani ya sa ka ba. Ranar da aka sake kunna mata, inuwar ta gangaro daga dutsen ta rufe gonar, sai ta ɗaga hannu ta kira sunan yayarta da ta rasu tun suna 'yan mata, kamar tana hango ta a bakin kunya. Likitan ya fita waje don kada mu ga hawayensa. Ba ta cika shekara ba bayan haka ta rasu, ka kuma je jana'izarta.

Ni ma na ɗanɗani alherinka a jikina. Lokacin da matata ta haifi tagwayenmu bakwaini, aka sa su a kwalba, na rasa inda zan sa kaina tsakanin asibiti da ofis, ga babban aiki da ya kamata a miƙa. Na riga na sallama cewa za a sallame ni. Da na dawo bayan makonni, na tarar an gama ɓangarena, an miƙa, kuma da sunana a kai. Kai ne ka yi, bayan naka. Da na zo yi maka godiya ka tare ni da cewa, "Mai Ciyawa, ka yafe mini, ciyawarka ta sha wuya a hannuna. Je ka duba ta, duk ta kwanta gefe guda kamar an yi mata aski." Sannan ka tambayi nauyin yaran. Ba ka sake tayar da maganar ba, ko da wasa.

Sau ɗaya na ga ka ja da Manaja. Gizagizanka sun yi kyau, amma suna da nauyi, sai kwamfuta mai tsada take iya ɗaukarsu. Wani babban kamfanin fim na jira, Manaja yana so a fitar da manhajar haka nan, kuma yana da hujja, don in cinikin ya kuɓuce wasu cikinmu za su rasa aiki. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ni a tsohuwar kwamfutar ɗakin karatu na koyi wannan sana'a, ana layi a kanta. In muka fitar da ita haka, irina ba zai taɓa buɗe ta ba. Ka ba ni ɗan lokaci. In ban iya ba, a yi yadda ka ce, ba zan ƙara magana ba." Ya ba ka, ba don ransa ya so ba. Mu ma muna tsoro, wasu har sun daina yi maka magana sosai. Ba ka riƙe kowa a rai ba. Ka samo dabarar da kwamfuta za ta riƙa lissafa ɓangaren sama kaɗan-kaɗan maimakon duka a lokaci guda, gizagizan da ke nesa kuma ta rage musu aiki tunda ido ba ya tantance su. Kamfanin fim ɗin ya jira, ya saya. Daga baya wani malamin makaranta ya turo mana bidiyon ɗalibansa sun yi cincirindo a kan wata tsohuwar kwamfuta, suna gardamar ta ina iska za ta kaɗa. Manaja da kansa ya kawo maka wayar ka gani.

Ciwon ƙoda ya same ka shekaru biyu da suka wuce. Ka rame, ƙafafunka suka riƙa kumbura, ana yi maka wankin ƙoda a kai a kai, amma ranakun da babu asibiti kana teburinka. Abin da ka sa a gaba a wannan lokaci shi ne kada aikin ya tsaya a kanka. Ka zaɓi abokiyar aikinmu da muke kira Mai Lissafi, wadda ta daɗe tare da mu amma rashin surutunta ya sa ba a cika lura da ita ba. Ka zauna da ita kuka bi duk abin da ka rubuta layi-layi, kana bayani, tana yi maka gyara inda ka yi kuskure, kana jin daɗin gyaran. Ka je ka gaya wa Manaja a gaban kowa cewa ta fi ka iya lissafin, a ba ta ɓangaren. Ruwan sama mai saukowa daga cikin gajimare shi ne abin da ka fara ba ka ƙarasa ba. Yana hannunta yanzu.

Ganina da kai na ƙarshe a asibiti ne, ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarka. Muryarka ta yi ƙasa. Ba ka yi zancen aiki ba ko kaɗan. Ka tambayi tagwaye, ka ce in daina yi musu faɗa a kan karatu, za su yi. Da na tashi tafiya ka riƙe hannuna ka ce, "In na taɓa ɓata maka, ka yafe mini." Na ce babu abin da ka taɓa yi mini sai alheri. Ka ce, "To ka gaya wa sauran haka, ka roƙar mini su." Na isar da saƙonka, Malam. Babu wanda ya ce yana binka komai.

A wurin jana'izarka na ga fuskoki da yawa da ban sani ba. Wani dattijo mai sanda ya tsaya kusa da ni, ya tambaye ni ko ni ɗan'uwanka ne. Na ce abokin aiki ne. Ya ce tare ake yi muku wankin ƙoda, kuma tun da kuka haɗu, kai kake sa 'yarka ta biya da mota ta sauke shi a ƙofar gidansa, shi da wata mata da ba ta da mai ɗauko ta, kafin a kai ka naka gidan, duk da kai ma a galabaice kake fitowa. Mu da muke zaune da kai kullum ba mu taɓa jin wannan ba. Sai ya ce da ni, "Wai ni, wane aiki yake yi ne? Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba." Na buɗe baki zan yi masa bayani, kuka ya ci ƙarfina. Ya dafa kafaɗata, muka shiga sahun salla.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa ciwon da ya yi haƙuri da shi ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka karɓi alheran da ya yi a bayyane da waɗanda ya ɓoye, ka saka masa da Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan abokan aikinsa, ga mai ɗakinsa wadda ta yi jinyarsa ba gajiyawa, da 'ya'yansa, da mahaifiyarsa da ke raye tana ganin wannan rana, da 'yan'uwansa baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya raya abin da ya bari cikin albarka. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.

Allah ya jiƙanka, Malam. Amin.