Barewar da ta ƙi shan nono a gaban mutane

Ƙarshen damina ne, kogin Shari ya cika har baki, dabbobi duk sun yi ƙiba. Shekarar ta yi mana daɗi, ko taɓon lungunanmu na unguwar Ridina bai dame ni ba. A lokacin ne maigidana, mai fataucin tumaki, ya shigo rungume da 'yar barewa. Makiyaya ne suka tsince ta ba uwa. Ƙafafu sirara kamar tsinke, ido kuwa sai ka ce an zizara mata kwalli. Na rasa inda zan sa kaina don murna.

Shi dai 'yar tunkiya ya ɗauke ta. Ya ɗaure ta a turke cikin raguna, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya cusa mata bibero, kwalbar shayar da jarirai, cike da nonon akuya. Ta datse baki. Maƙwabta kuma sun cika gida da kallo. Kwana biyu ko ɗigo ba ta sha ba, har ta fara kwanciya. Ya ce tun yana saurayi yake shayar da marayun tumaki, wadda ta ƙi sha ba ta tashi, gara a yanka ta kafin ta zama mushe.

Ina da kanari a keji, a bakin ɗakina. Da la'asar ina zuba masa gero, sai na tsaya ina duban su biyun. Shi ɗan mitsitsi, baki ba ya hutawa, ita doguwa, ko tari ba ta yi. Amma in mutum ya gifta, zabura iri ɗaya suke yi. Na tuna farkon zuwansa bai ci ba, bai rera ba, sai da na lulluɓe kejin da zane.

"Malam, ba tunkiya ba ce fa," na ce a hankali, ina nuna kanarin. "'Yar'uwar wannan ce."

Ya yi dariya, ya ce to in ta fara waƙa in kira shi. Ya ba ni zuwa safiya.

Na sallami 'yan kallo, na kai ta bayan madafa, na kewaye ta da tsofaffin zannuwana. Na zura biberon ta ƙasa, na kau da kai. Hannu ya gaji, na canja. Dab da magariba sai na ji an ja. Aka sake ja, da ƙarfi! Guɗa ta taso min, na danne ta da cizon leɓe.

Da gari ya waye na ajiye biberon wayam kusa da kofin shayinsa, na yafa mayafi, na fita neman akuya mai shayarwa.